Hayaƙin maraice a Yamai: wa ya ba da izinin ƙona shara?

Daga watan Nuwamba, da damina ta ɗauke ƙafa, ciyawar da ta fito a kangaye da gindin katanga ta bushe, birnin Yamai kan shiga lokacin ƙone-ƙone. Da la'asar sakaliya mata da yara da masu gadi ke tara abin da tsintsiya ta kwaso, ganyen dogon yaro da na mangwaro, busasshiyar ciyawa, ƙaya, ledar ruwa, tsumma, a ƙyasta ashana a koma cikin gida. Kafin a kira magariba hayaƙi ya kwanta a unguwannin Talaje da Bukoki da Lazare da Banifandu, ya haye gada ya sauka Harobanda. Kowa ya saba da shi, har ya zama ba a ganinsa. Shi ya sa ba kasafai ake tambayar ko doka ta yarda da hakan ba, ko kuma akwai wata takarda da mutum zai nema kafin ya cinna wa tarin ganye wuta a ƙofar gidansa.

Amsar da ke cikin littattafan doka gajeriya ce: ba a yarda ba. Babbar dokar kula da muhalli ta Nijar, mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998, ta hana gurɓata iska da hayaƙi da ƙura da iskar guba, ta kuma hana ƙona shara a fili matuƙar ƙonawar za ta iya cutar da mutane. Ita ce kuma ta ɗora wa duk wanda ya samar da shara alhakin kawar da ita ta hanyar da ba ta ɓata ƙasa ko ruwa ko iska. Kafin ita akwai dokar tsabtar jama'a mai lamba 93-13 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta raba gari da karkara: a karkara ta ba da damar binne shara ko ƙona ta, amma a wurin da aka keɓe, mai nisan fiye da mita 200 daga gidajen ƙarshe na ƙauye. A Yulin 2022 aka sake zartar da wata doka a kan ginshiƙan lafiya da tsabtar jama'a. Ko tsarin mulkin 2010, wanda sojoji suka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ambaci haƙƙin kowane ɗan ƙasa na zama a muhalli mai lafiya. Idan dai rubutu ne, Nijar ba ta rasa shi ba.

Abin lura shi ne yadda aka gina waɗannan dokoki. Ginin hani ne, ba na izini ba. Ba su ce wa mai gida ka je ofishi kaza ka karɓi takarda, ka ƙona daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ka nisanci katangar maƙwabci da taku kaza ba. Sun ce kada a yi abin da zai cutar, suka bar sauran ga hukumomin gari, waɗanda dokar ƙananan hukumomi ta Satumban 2010 ta danƙa wa tsabtar birni da kwashe shara. To wa zai auna cutarwar? Tarin ganye mai cika kwando ɗaya da aka ƙona cikin minti goma, da jujin unguwa da ke ci a hankali kwana uku, duk sunansu ƙona shara a fili. Jami'in tsabta da ya ga dama zai iya cin tarar na farko, ya wuce na biyu bai waiwaya ba, kuma ba wanda zai ce ya saɓa rubutu. Dokar da ba ta faɗi iyaka ba takan koma hannun wanda ke riƙe da littafin tara, talaka kuwa ya san abin da hakan ke nufi.

A wasu ƙasashe hanyar izini aka bi. A jihar Masacusets ta Amurka, alal misali, ana buɗe lokacin ƙona rassan itace daga 15 ga Janairu zuwa 1 ga Mayu, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, da izinin shugaban ƴan kwana-kwana na garin, kuma wutar ta nisanci gini da ƙafa 75, wato kusan mita 23. Ranar da iska ta yi ƙarfi ko fari ya tsananta sai a soke izinin. Ganye da ciyawa ba sa cikin abin da aka halatta, manyan birane irin su Boston kuwa an hana su gaba ɗaya. Faransa, wadda daga gare ta Nijar ta gaji yawancin salon rubuta doka, ta bi ɗaya hanyar: takardar umarni ta 18 ga Nuwamba 2011 ta jaddada hanin ƙona sharar lambu, dokar Fabrairun 2020 ta ƙarfafa shi, sai dai wakilin gwamnati a jiha yana iya sassautawa idan babu wurin kai sharar ko idan cuta ta kama tsirrai. Maƙwabciyarmu Najeriya tana da ƙa'idojin 2011 na hukumar NESREA a kan gobarar daji da ƙone-ƙone a fili, waɗanda suka tanadi neman izini. Amma duk wanda ya kwana a Kano ko Katsina cikin hunturu ya san hayaƙin can da na nan ɗaya ne.

Abin da ya bambanta Faransa da mu ba kaifin doka ba ne. Can, kafin a ce wa mutum kada ya ƙona, an tanadar masa wurin kai ganyen kyauta ko motar da za ta zo ta ɗauka. Nan kuwa ana faɗin hanin ne ga wanda motar shara ba ta taɓa shiga layinsa ba.

Nan ne tushen maganar. Ƙidayar 2012 ta ba Yamai mutum miliyan ɗaya da ɗoriya, kuma tun daga lokacin birnin bai daina faɗaɗa ba, ta hanyar Tilaberi, ta hanyar Filinge, ta hanyar Doso, ana yanka filaye ana gini kafin kwalta ko magudanar ruwa ta iso. An kasa shi gundumomi biyar, huɗu a gaɓa ɗaya ta kogin da ya ratsa garin, ta biyar a ƙetare. Motocin ma'aikatar magajin gari sun fi zirga-zirga a manyan tituna da kasuwanni da unguwannin ofisoshi. A cikin lunguna aikin yana hannun masu amalanke da masu tura kura da ƙananan ƙungiyoyin matasa da na mata, waɗanda ake biya a wata. Su ma ba su da inda za su kai kayan sai jujin da ya fi kusa, ko wani tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini, ko cikin itatuwan da suka kewaye gari. Idan jujin ya cika, motar da za ta kwashe ba ta zo ba, wani zai sa masa wuta don a samu wurin zuba na gobe. Wato matar da ta biya mai amalanke don kada ta ƙona a ƙofar gidanta, sau da yawa ba ta hana ƙonawar ba, ta dai matsar da ita zuwa ƙofar wasu.

Gwamnatoci sun yi ta ɗaukar alkawarin tsabtace babban birnin. Zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou an yi shirin Niamey Nyala, aka gyara tituna da shataletale, musamman gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi suka naɗa kantomomi, Yamai ta samu Kanar Boubacar Soumana Garanké. Kowane sabon shugabanci da gangamin shara yake farawa, a fito da tsintsiya da shebur a gaban kyamara. Ba na raina wannan, don gari mai datti ba ya yi wa kowa daɗi. Amma a duba abin da ke faruwa da yammacin ranar gangamin: tarin da aka share, in mota ba ta zo ba, wuta ce ke cinye shi. Ranar tsabta takan zama ranar da hayaƙi ya fi yawa.

Kafin a yanke wa mai ashana hukunci, ya kamata a saurari dalilansa, domin ba na wauta ba ne. Ciyawar bayan damina maɓoyar maciji ce da kunama, kuma a gidan da yara ke yawo ba takalmi wannan ba wasa ba ne. Hayaƙin ganyen dogon yaro yana korar sauro na ɗan lokaci, a garin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci daga Agusta zuwa Oktoba. Sharar da ba a ƙona ba iska ce ke kwashe ta ta zuba a magudanar ruwa, ruwan sama ya zo ya rasa hanya. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020, lokacin da kogi ya kai matakin da ba a taɓa auna irinsa ba a Yamai, ya fasa madatsa ya shiga unguwar Lamorde da maƙwabtanta, ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ruwa ke yi idan ya shigo gari. Ga kuma mai gadi da ke kwana a waje cikin sanyin Janairu, wanda wutar kara da kwali ita ce bargonsa. Duk dokar da ta yi kamar waɗannan dalilai ba su wanzu ba, a takarda za ta tsaya.

Sai dai abin da kakanninmu ke ƙonawa da abin da muke ƙonawa yau ba ɗaya ba ne, kuma a ganina wannan shi ne abin da aka fi kasa faɗa wa mutane a fili. Sharar tsakar gida ta da, kara ce da ganye da ɓawon gyaɗa da kashin awaki. Ta yau tana ɗauke da leda, da robar lemo, da guntun bututun ruwa, da tsohon silifa, da batirin tocila, da wayar lantarki, da ƙunzugun jarirai na zamani. Binciken da aka yi a kan sharar gidajen Yamai ya nuna fiye da rabin nauyinta yashi ne, saboda tsakar gida ta ƙasa ake sharewa. Yashin nan yana da tasa rawar: shi ke danne wutar, ya hana ta iska, sai ta ƙi ci da harshe ta koma turnuƙewa. Wuta mai turnuƙewa kuwa ita ce mafi muni. Injinan ƙona shara na ƙasashen Turai doka ta wajabta musu kai zafin digiri 850 na aƙalla daƙiƙa biyu don gubar ta lalace. Tarin ƙofar gida bai kai rabin haka ba a yawancin lokaci, kuma a wannan matsakaicin zafi ne ake samun gubar nan da masana ke kira dayoksin, idan akwai sinadarin kulorin a cikin abin da ke ci. Baƙar leda ta kasuwa ba ta da kulorin, nata sharrin baƙin hayaƙi ne da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu. Bututun roba da bawon wayar lantarki da wasu takalman roba su ne ke ɗauke da shi. Dayoksin ba ta tafiya da iska ta ɓace. Tana zama a toka da ƙasa, kaji su yi tono a wurin, awaki su yi kiwo, ta taru a kitse da ƙwai da nono, ta dawo cikin kwano. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijar ke cikinta, ta ambaci ƙona shara a fili a jerin hanyoyin da wannan guba ke fitowa.

Nijar ta yi dokar hana leda, mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta haramta yin ta da shigo da ita da sayar da ita da amfani da ita. Wanda ya shiga kasuwar Katako ko ta Wadata ya sayi tumatir na dala ashirin zai ga matsayin dokar a hannun mai tumatir. Ita ma hani ce da aka yi ba tare da an ajiye wa mutane madadi mai araha ba.

Akwai masu cewa, a garin da ƙurar hamada ke rufe rana, mene ne hayaƙin ganye? Gaskiya ne yawancin ƙurar da ke sararin Yamai a hunturu daga nesa take zuwa, daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, kuma babu kantoman da zai hana ta. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce matsakaicin ƙananan ɓurɓushin iska kada ya wuce maikurogiram 5 a kowace kubik mita ta iska a shekara, biranen Sahel kuwa sun ninka wannan sau da yawa ko ba a kunna ashana ɗaya ba. Amma wannan hujja ce a kan mai ƙonawa, ba tasa ba ce. Huhun da ƙura ta riga ta gajiyar shi ake ƙara wa hayaƙi, a daidai watannin da tari da asma da ciwon ƙirjin yara ke tashi. Kuma lokacin da aka zaɓa shi ne mafi sharri. Da faɗuwar rana a lokacin sanyi, ƙasa kan huce da sauri, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi, sai ta ƙi tashi. Hayaƙin da aka yi da magariba ba ya hawa, yana bin layi ne a tsayin mutum, ya gangara kwarin Gunti Yena da bakin kogi, ya shiga ɗakunan da aka kwantar da jarirai. Da tarin ɗaya aka ƙona da hantsi, da ya tashi ya watse. Wannan ilimi ne da bai fi a faɗe shi a rediyo cikin minti biyu ba, da Hausa da Zabarmanci.

Sai haɗarin gobara, wanda shi ne asalin dalilin takardar izini a ƙasashen da ke bayar da ita. Yamai gari ne da ke da zana da rumfar kara ko'ina: a kangayen da masu gadi ke zaune da iyalansu, a kasuwanni, a wuraren sayar da harawa da itace, har a makarantu. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas, yara kusan 20 suka rasu, a Nuwamban shekarar kuma irin haka ta faru a Maraɗi. Ban kawo waɗannan don in ɗora su a kan wutar shara ba. Na kawo su ne don a tuna yadda zana ke ci idan iskar rani ta samu tartsatsi guda, da yadda motar ƴan kwana-kwana, ko an kira lamba 18 a kan lokaci, ke fama kafin ta ratsa lungu mai yashi. Tarin da aka cinna wa wuta aka shige gida, ba wanda ke tsaye a kansa da bokitin ruwa, shi ne abin tsoro, fiye da girmansa.

A bayan gari kuwa wata doka ce ke aiki. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004 ita ke hukunta gobarar daji, kuma ma'aikatan gandun daji, masu kaki, su ke riƙe da ita. Makiyayan Tawa da Dakoro da Bermo sun san nauyinta, domin wuta ɗaya a watan Oktoba tana iya lashe ciyawar da garke dubu za su ci har bazara, shi ya sa kowace shekara ake share dogayen hanyoyin tare wuta a yankunan kiwo. Wannan doka ta shafi Yamai ta wajen dajin da aka dasa ya kewaye birnin tun daga 1965, mai faɗin kusan hekta 2,500, yawancinsa dogon yaro. An dasa shi don ya tare ƙura da iska. Yau masu yankan filaye sun ci wani sashe, wani sashen ya zama juji, wutar juji kuma tana ƙona gindin itatuwan a hankali har su bushe a tsaye. Manomin Saga ko Gudel da ke ƙona sassabe kafin shuka, da mai gida a tsakiyar Bukoki, ba hukuma ɗaya ce ke kansu ba, ba kuma haɗari ɗaya suke jawowa ba, amma a bakin mutane duk ƙona shara ne.

Abin da ya fi ba ni takaici a lamarin shi ne asarar. Ƙasar yammacin Nijar rairayi ce mai yunwa, abin da ke cikinta na ruɓaɓɓen tsiro bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ganye idan ya ƙone, sinadarin da ke sa shuka ta yi kore yana tafiya da hayaƙi, tokar da ta rage tana da ɗan amfani amma iska ce ke kwashe ta. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kimanin kilomita 45 kudu da Yamai, an daɗe da nuna cewa karan hatsi da aka bari a shimfiɗe a gona yana tare ƙasar da iska ke ɗauka, yana kuma ƙara amfanin gona. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka rungumi sassaben zamani tun daga shekarun 1980, suka daina sare kututture da ƙone shi suka bar shi ya tofo, sun mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5. Manoman Tawa da ke haƙa tassa suna neman ko da tafin hannu ne na taki su zuba a kowane rami. A Kano kuwa, a da, jakuna kan shigo da itace birni su fita da taki zuwa gonakin kewaye, abin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu a kai. Mu nan muna da masu lambu a Gamkalle da Saga da Yantala da kwarin Gunti Yena, da masu renon furanni a gefen tituna, duk suna sayen taki, alhali a unguwar da ke sama da su ana ƙona ganyen da zai zama takin. Abin da ya raba su leda ce da fasasshiyar kwalba da batiri. Ganye tsantsa yana da mai so. Ganyen da aka gauraya da ƙazanta ba wanda zai biya kuɗin amalanke a kansa, ko da yake wasu manoman bayan gari, saboda tsadar takin zamani, suna karɓar sharar birni yadda take, gonakinsu su cika da leda.

Matsalar ba ta Yamai kaɗai ba ce. Wani bincike na 2014, ƙarƙashin jagorancin Christine Wiedinmyer, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na sharar duniya a fili ake ƙona ta. A Satumban 2022, ministocin muhalli na Afirka da suka taru a Dakar sun amince a kawo ƙarshen wannan ɗabi'a a nahiyar, da burin rage kashi 60 cikin ɗari kafin 2030 da gamawa kafin 2040. Irin wannan alkawari ba ya isa lungu sai ta hannun mai amalanke.

A halin da ake ciki, dokar da ke aiki da gaske a unguwa ita ce ta maƙwabtaka. "Hajiya, don Allah a ɗan yayyafa mata ruwa, yaron nan ƙirjinsa ya tashi." "To, Malam, a yi haƙuri, yanzu za a kashe." Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a je wurin mai unguwa ko limamin masallaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yana da tushe a fiƙihun Malikiyya da muke bi. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen alƙalai a kan gini da maƙwabtaka, kuma hayaƙin gidajen burodi da na gidajen wanka yana cikin cutarwar da aka yi magana a kai, har ana hana sabon mai hayaƙi idan maƙwabta suka kai ƙara. Malamanmu suna da abin faɗa a huɗuba a kan wannan, fiye da yadda suke faɗa. Raunin dokar maƙwabtaka shi ne tana aiki tsakanin tsara ne kawai. Ɗan haya ba ya iya yi wa mai gida magana, mai gadi ba ya iya yi wa Alhajin da ke biyansa, kuma ba mai unguwar da zai tsawata wa ofishin gwamnati ko makaranta ko asibitin da ke ƙona ganye da takardu a harabarsa.

To a kawo takardar izini irin ta Amurka? A cikin gari, a'a. Gidajenmu manne suke da juna, babu filin da zai ba da nisan mita 23 a Zongo ko Bukoki, kuma takardar da sai an je gunduma an yi layi an biya tambari, ba wanda zai nema don kwandon ganye. Za ta zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro ne kawai. Abin da hukumar birni za ta iya yi da sa hannu ɗaya shi ne ta fayyace hanin, ta rarraba shi. Taya da roba da wayar lantarki da sharar asibiti, babu sassauci, kuma a fara da manyan masu yi: juji, garejin mota, masu ƙona waya don cire jan ƙarfe, masu babbakar kai da ƙafa da taya, da ofisoshin gwamnati kansu. Ganye da ciyawa, a ware su tun daga tsintsiya, a haɗa masu amalanke da ƙungiyoyin masu lambu, kowace gunduma ta keɓe fili na ruɓar da taki. A unguwar da aka tabbatar ana kwashe shara, a ci tarar mai ƙonawa. A wadda ba a kwashewa, cin tara zalunci ne, sai dai ƙa'ida mai sauƙi da kowa zai haddace: ba da magariba ba, ba ranar iska ba, ba kusa da zana ba, ba leda a ciki, kuma babba ya tsaya a kai har ta mutu.

Inda izini ke da ma'ana shi ne bakin gari, wurin da gonaki da lambuna suka haɗu da sababbin gidaje da dajin dogon yaro. Can akwai wutar da ba makawa sai an yi ta, kamar ta tumatir ko kabejin da cuta ta kama, wanda barinsa a lambu ke yaɗa cutar, ko ta ƙayar da aka sare daga fili mai faɗi. Wannan ba ya buƙatar sabon ofishi. Ya isa manomi ya sanar da mai gari ko mai unguwa kwana ɗaya kafin ya yi, shi kuma ya sanar da ma'aikacin gandun daji na yankin ta waya, a share kewayen wurin, a yi da safe, a kuma rufe ƙofar gaba ɗaya daga Maris zuwa saukar ruwan farko, lokacin da komai ya bushe kuma iska ba ta da tabbas.